Ɗigon Da Bai Gusa Ba

A farkon Oktoba na 2021 na tsaya gaban ƴan ajina a Falanko na shaida musu cewa na ɗauki hoton Fuluto. Ban ɗauka ba. Abin da ke cikin hoton wani tauraro ne daga cikin dubban da ke zaune a wannan yanki na sama tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Wannan kuskure ne na zumuɗi da ƙarancin sani, irin wanda kowa kan yi. Wanda ya biyo bayansa shi ne ya hana ni sukuni: da aka yi mini tambayar da za ta warware komai, sai na ɗauko wata magana ta gaskiya na yi garkuwa da ita, don kada a taɓa abin da bakina ya riga ya furta.

Sai mutum ya kwana a Damargu yake sanin abin da Allah ya ba mu a sama. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazon hunturu akwai ƴan makonni da iska ke wankewa tas, ga shi babu fitilun birni da za su dusashe dare. Masu sha'awar taurari a Turai kan yi doguwar tafiya a mota don su sami rabin wannan duhun, mu kuwa tabarma kawai muke shimfiɗawa a tsakar gida. Wani ɗan'uwana mai ci-rani a Aljeriya ne ya sayo mini madubin hangen nesa na hannu, faɗin gilashinsa santimita 11, bisa ƙafa uku, babu inji. Da shi na nuna wa yara zoben Zuhal, da watanni huɗu na Mushtari, da ramukan da ke fuskar wata. Kafin a jima gari ya ɗauka, ana ce da ni Mushe mai madubi. Sunan ya yi mini daɗi fiye da kima, kuma daga nan matsalar ta faro.

Fuluto na sa a gaba saboda labarin wanda ya gano ta. Clyde Tombaugh ɗan manoma ne a jihar Kansas ta Amurka. Ƙanƙara ta lalata amfanin gonarsu, burin shiga jami'a ya rushe, sai ya shiga ƙera madubai da hannunsa, yana zana abin da ya gani a Mirrihi da Mushtari. Ya aika zanen zuwa cibiyar Lowell da ke Flagstaff, suka ɗauke shi aiki a 1929, kuma ranar 18 ga Fabrairu 1930 ya gano Fuluto yana ɗan shekara 24. Malamin ƙauye a ƙasar hatsi da ya karanta wannan dole ya hango kansa a ciki. Sai dai rabin labarin na riƙe, rabin da ke da daɗin ji.

A daren da abin ya faru babu wata. Manhajar da ke cikin salulata ta nuna mini cewa Fuluto na kudu maso yamma, a gefen burujin Ƙausu. Na juya madubi wajen, na kara salula a inda ake sa ido, na yi ta ɗauka har ɗaya ya fito da ɗige-ɗige masu kyau. Ɗaya daga cikinsu yana kusa da tsakiya, ya fi maƙwabtansa haske. Na zagaye shi da jan layi. Washegari na kai aji, yara suka kwafa a littattafansu da kwanan wata, wasu suka tafi gida suna ba iyayensu labari.

Abin kunyar shi ne lissafin da zai hana ni wannan duk yana cikin kaina. Ma'aunin hasken taurari a juye yake tafiya: lamba na ƙaruwa, haske na raguwa, kuma kowane hawa biyar haske ya ragu sau ɗari. Lafiyayyen ido a duhu yana kaiwa wajen 6. Madubi irin nawa, a dare mafi kyau, iyakarsa 12 zuwa 13. Fuluto kuwa ta haura 14, wato ta fi tauraro mafi dishi-dishi da ido ke iya gani rauni kusan sau dubu biyu. Ba abin mamaki ba ne: faɗinta kilomita 2,377, ba ta kai watanmu ba, tana nesa da mu da kilomita wajen biliyan biyar, kuma ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa, shi ma sai ya yi fiye da awa huɗu da rabi a hanya kafin ya iso mu. Masu ganinta da ido kan nemi madubi mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Da kyamara ana iya kama ta da wanda bai kai haka ba, amma sai da ƙafa mai inji wadda ke bin juyawar sama, a bar kyamarar a buɗe tana tara haske na mintoci. Ni da hannu na riƙe salula. Hasken ɗigon nan da ya burge ni shi ne babbar shaidar cewa ba ita ba ce.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da kowa ke kira Baba. A ƙuruciyarsa ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma, kuma shi manoma ke tambaya wane tauraro ake ciki idan damina ta kama: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, kowanne da kwanakinsa goma sha uku, Jabaha da goma sha huɗu. Bai taɓa cewa tauraro ke kawo ruwa ba. Yakan ce ruwa na Allah ne, taurari kalanda ce. Wata maraice bayan magariba na tarar da shi a majalisar ƙofar gidansa, samari kewaye da shi. Muka gaisa, sai ya ce:

"Mushe, an ce ka kamo wata duniya a cikin madubinka."

"Haka ne, Baba."

"Madalla. Matafiyiya ce ko zaunanniya?"

"Matafiyiya ce, rana take zagayawa kamar tamu."

"To, ka ga tafiyarta?"

Ya ɗaga sandarsa ya nuna yamma, inda Zara ke ƙyalli. Ya ce in duba: makon jiya tana can ƙasa da jan tauraron nan na Kunama da malamai ke kira Ƙalbu, yau ga ta ta kusa cim masa. Ya ce makiyayi in ya hango baƙin abu a nesa ba ya rantsuwa raƙumi ne ko kututture, sai ya jira ya ga wanda ya gusa.

Amsar da ta dace gajeriya ce: ban gani ba tukuna, Baba, mu jira. Ban ba da ita ba. Na gyara murya na yi bayani mai tsawo. Na ce saboda duniyarmu ta fi Fuluto sauri a zagayen rana, akwai watannin da ake ganin kamar Fuluto na komawa baya, kuma sau biyu a shekara takan yi kamar ta tsaya cik kafin ta juya. A farkon Oktoban nan kuwa daidai lokacin tsayuwarta ne, don haka ba za a ga motsi ba. Kowace kalma a ciki gaskiya ce. Samari suka yi dariya, ɗaya ya ce ai gani ya kori ji, tun da ga hoto. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya ƙara sani, ɗana."

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, domin a cikinta ne ainihin laifin yake. Idan lokacin tsayuwarta ne, to na ɗauki hoton a lokacin da ba shi yiwuwa a tabbatar da komai, abin da ya kamata ya sa in rage iƙirari, ba in ƙara ba. Sannan tsayuwar ta ƴan kwanaki ce. Kafin ƙarshen wata za ta gusa tazarar da madubi ke nunawa ƙarara. Na san haka. Ban faɗa ba, saboda faɗarsa daidai yake da sanya wa kaina ranar jarrabawa a gaban jama'a. Baba kuwa kowace shekara ana jarraba shi a fili. Daminar 2021 ta yi gardama, ruwa ya ɗauke da wuri, damman hatsi suka yi ƙaranci a yawancin ƙasar, kuma duk wanda ya yi shuka bisa lissafinsa ya san ƙofar gidansa. Ya saba a zo a ce masa ba haka ta kasance ba. Malamin lakwal a ƙauye bai saba ba. Abin da ya rubuta a allo shi ke nan, yara su kwafa, iyaye su ce Mushe ya faɗa. Ban taɓa lura da irin haɗarin da ke cikin wannan ba sai da na faɗa ciki.

Jikar Baba tana ajina, yarinya mai natsuwa da kyan hannu. Tun daren da na fara nuna musu ɗigon ta zana shi tare da taurari uku da ke kewaye da shi. Wajen ƙarshen Oktoba muka sake fitowa, ta sake zanawa, ta ɗora zanen biyu gefe da gefe, ta zo kusa da ni ta rage murya don kada sauran su ji.

"Mushe, bai gusa ba. Kuma littafi ya ce da ƙyar ake ganinta, wannan kuwa ina sa ido nake ganinsa."

Na ce mata zanenta ne babu kula, ta koma ta koyi auna tazara. Ta ce to, ta naɗe takardarta. Yarinya ta yi daidai abin da nake ta koya musu, ta duba da idonta, ta auna, ta kwatanta, ta kuma rufa mini asiri wajen faɗa, ni kuwa na saka mata da cewa hannunta ne ba shi da kyau. Duk cikin abin da ya faru babu inda ya fi wannan yi mini nauyi.

Gaskiya ta zo ne daga Senegal. Na aika hoton ga wani mai sha'awar taurari a can, kuma in faɗi tsakani da Allah, yabo nake nema, ba bincike ba. Na zaɓi Senegal ne saboda abin da suka yi a watan Agusta na 2018, lokacin da masana na hukumar NASA suka haɗu da ƴan ƙasar, ciki har da Maram Kairé da ƙungiyarsu ta masu yaɗa ilimin taurari, suka baza madubai a karkara suna jiran wani ɗan dutse mai tsawon kilomita kusan 35, can bayan Fuluto, ya gifta gaban wani tauraro ya rufe haskensa na ɗan ƙiftawar ido. Wannan awon ya taimaka wa kumbon New Horizons da ya wuce ta kusa da dutsen, wanda yanzu ake kira Arrokoth, ranar 1 ga Janairu 2019. A 2021 aka raɗa wa wani dutsen sama sunan Maram Kairé. Mutanen da suka yi irin wannan aiki ba sa karɓar ɗigo don an zagaye shi da jan layi. Mutumin da na aika wa hoton ya daidaita taurarin hotona da kundin taurari, ya amsa mini cikin ladabi: ɗigona tauraro ne sananne mai haske wajen 9, yana da lamba a kundi, inda Fuluto take kuwa babu komai a hoton sai baƙi. Ya ƙara da shawara: in fara da wata wadar duniya mai suna Seres, wadda ke gab da kusanto mu a watan Nuwamba.

Na fara da aji. Na rubuta a allo cewa hoton ba na Fuluto ba ne, na sa kowa ya buɗe littafinsa ya gyara da hannunsa, na bayyana musu lissafin hasken da na tsallake. Daga nan na nufi majalisar Baba, a lokacin da na san samarin nan na wurin, tun da a gabansu aka yi dariyar. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara. Tambayarka ita ce daidai, amsata kuwa kauce-kauce ce." Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya ce, "Yarinyar fa, Mushe?" Ashe ta nuna masa zanen. Na gyara maganar hoto a aji, amma ban ce uffan ba game da abin da na yi mata. Washegari na kira ta gaban allo da takardunta biyu, na gaya wa ƴan'uwanta cewa ta riga kowa gane gaskiya, zanenta daidai yake, ni ne na zalunce ta, kuma na roƙe ta ta yafe mini. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yafe, Mushe." An ɗauki lokaci kafin ta sake ɗaga hannu a aji, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan haka ne na koma na karanta rabin labarin Tombaugh da na yi watsi da shi. Bai ga Fuluto da ido ba, kuma bai gane ta a hoto ɗaya ba. Aikinsa shi ne ɗaukar yanki ɗaya na sama sau biyu a darare daban-daban, a kan farantan gilashi, sannan ya sa su a wata na'ura mai nuna masa wannan ta nuna masa wancan da sauri, yana neman ɗigon da zai yi tsalle cikin dubun dubatar da ba sa motsi. Ya shafe watanni yana wannan. Farantan da suka fito da ita na ranakun 23 da 29 ga Janairu 1930 ne, kuma ya tabbatar da faranti na uku, na 21 ga watan. Duk da haka cibiyar ba ta sanar ba sai 13 ga Maris, bayan sun bi ɗigon makonni. Har lokacin ɗaukar hotunan ma zaɓa yake yi, yana auna yankin sama da ke daura da rana, inda motsin abu mai nisa ya fi fitowa fili. Haka Giuseppe Piazzi a Palermo ta Italiya: ya ga Seres ranar 1 ga Janairu 1801, ya bi ta har 11 ga Fabrairu, kuma da zai sanar sai ya kira ta tauraruwa mai wutsiya, ko da yake yana zaton ta fi haka. Ta ɓace a hasken rana, Carl Friedrich Gauss ya lissafa hanyarta, aka sake samunta a ƙarshen shekarar inda lissafi ya nuna. A taron ƙungiyar masana taurari ta duniya a birnin Prague, ranar 24 ga Agusta 2006, aka sa Fuluto da Seres a aji ɗaya, na wadannin duniyoyi, bayan gano wata mai suna Eris a 2005 ya tilasta a sake duba rabon.

Seres ta yi mana sauƙi. A farkon Nuwamba na 2021 tana gab da Dabaran, jan tauraron da ke bin bayan Kaza da Ƴaƴanta, wanda kowane yaro a Falanko zai nuna maka da yatsa. Haskenta tsakanin 7 da 8, ko madubi mai ido biyu yana kamo ta. Muka kafa ƙa'ida: ba wanda zai kira sunan ɗigo, har da Mushe, sai an sami zane na darare daban-daban daga hannuwa daban-daban, sun kuma yi daidai. A daren farko ba mu san wace ce ita ba cikin ɗige-ɗigen, kowa ya zana duk abin da ya gani. Da muka dawo, ɗaya ya bar wurinsa. Ba zan manta ihun yaran ba. Wajen 27 ga watan, lokacin da ta yi daura da rana, tana gusawa kusan rabin faɗin wata kowane dare, har wanda bai iya zane ba yana gani.

Idon Baba ya yi rauni, bai iya ganin komai ta madubi ba, sai jikarsa ta jera masa zanen a tabarma ta haska da tocila. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ce wannan kam matafiyiya ce, sannan ya lura da abin da ban gaya masa ba: yamma take yi, ba gabas ba. Ya ce ya san Mirrihi da wannan hali, takan koma baya wani lokaci kafin ta ci gaba. Na ba shi labarin abin da aka sani game da ita: faɗinta kilomita wajen 940, tana tsakanin Mirrihi da Mushtari, tana gama zagayen rana cikin shekara huɗu da wata bakwai, kuma kumbon Dawn da ya isa gare ta a 2015 ya ga fararen tabo masu ƙyalli a wani rami da ake kira Occator, waɗanda bincike ya nuna yawancinsu sinadarin da ke cikin kanwa ne. Mutumin da ya yi fataucin gishiri ya sa na maimaita masa wannan, ya tambaye ni ta yaya aka sani alhali ba wanda ya ɗanɗana. Na gaya masa iyakar abin da na fahimta game da yadda ake gane sinadari daga launin hasken da yake mayarwa, inda sanina ya ƙare kuma na tsaya.

Har yanzu ban ga Fuluto ba. Ta bar Ƙausu ta shiga burujin Jadyu, kuma lokacin da ta fi kyan nema shi ne ƙarshen Yuli, tsakiyar damina, ga gajimare, ga hutun lakwal, kowa yana gona. Da ni da wasu malamai biyu na yankin Tanut muna tara kuɗin ƙafa mai inji da kyamara ta hannu. In Allah ya nufa suka samu, za mu jira daren da hadari ya wuce sama ta buɗe mu ɗauka, mu sake ɗauka a wani daren, mu ba yara hotunan ba tare da jan layi ba su nemo wanda ya gusa, sannan mu aika Senegal a duba mana.